Ƙanwata na huce haushinta a kan abinci, ƙiba kuma sai hawa take: ta ina za a fara?

Maman Biyu:

Assalamu alaikum. Masana harkar lafiya, shawara nake nema kan ƙanwata. Shekarunta 34, malamar makaranta ce, 'ya'yanta uku. Tsayinta mita 1.60. Shekara biyu da suka wuce tana kilo 66, makon jiya ta hau sikeli ta ga 79. Da safe ba ta karyawa, shayi kawai take kurɓa a tsaye. Da rana ma ba wani cin kirki. Amma da dare in yara sun yi barci, musamman ranar da aka ɓata mata rai, sai ta dafa indomie biyu da ƙwai, ta kora da lemon kwalba, wani lokacin ta bi da cincin ko gyaɗa. In ka yi magana ta ce ba yunwa ba ce, zuciyarta ce kawai ke so. Da ta gama kuma sai ta hau zargin kanta, washegari ta ƙi cin komai har la'asar. Wannan kwaɗayi ne ko ciwo? Shi ne ya kawo ƙibar? Kuma ta ina ya kamata a fara gyara?

Likitan Unguwa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba kwaɗayi ba ne irin wanda muka sani. Mai kwaɗayi daɗin abin yake nema. Ita kuwa sauƙi take nema, abinci ne kawai abin da ya fi kusa da hannu ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Ga yadda abin yake a jiki. Tashin hankali na farat ɗaya, kamar a ce an kira ka an gaya maka hatsari, kashe yunwa yake yi, shi ya sa gidan rasuwa ake fama da mutane su sa wani abu a baki. Amma damuwar da ta daɗe tana cin mutum, ta bashi ko ta zaman aure ko ta wurin aiki, daban take aiki. Akwai wasu 'yan sassan jiki biyu da ke zaune a saman ƙoda, su ne ke fitar da sinadarin kotisol. In damuwa ta ƙi ƙarewa, sinadarin kan daɗe yana yawo da yawa a jini, sai ya ƙara wa mutum marmarin zaƙi da maiƙo, ya kuma taimaka wajen tara kitse a ciki. Shi kuma zaƙi da maiƙo na sanyaya rai na 'yan mintoci. Ƙwaƙwalwa ba ta mantuwa da abin da ya ba ta sauƙi. Yau an yi, gobe an yi, jibi ba sai ta yi shawara ba, ƙafa ce za ta kai ta kicin.

Bambance yunwar ciki da ta zuciya ba wuya. Ta ciki a hankali take zuwa, ciki ya yi ƙugi, jiki ya yi sanyi, kuma ko ɗumamen tuwo aka ba ka za ka ci. Ta zuciya lokaci guda take faɗowa, abu ɗaya tak take so, ba ta jin ƙoshi, kuma nadama ce ke biyo bayanta. Gwajin da ya fi sauƙi: ta tambayi kanta, da a ce kwaɗon zogale ne a gabana yanzu, zan ci? In amsar a'a ce, sai dai indomie, to ba ciki ne ke kira ba.

Sai dai a lamarin ƙanwarki yunwar biyu ce ta haɗu, kuma nan ne mutane ke kuskure. Wadda ta wuni a kan kofin shayi, ƙarfe goma na dare yunwar gaske take ji ko da ba wanda ya ɓata mata rai. Ɓacin ran shi ne ashana, amma wunin da ta yi ba ci shi ne fetur. Tun 1975 wasu masu bincike a Amurka, Herman da Mack, suka nuna haka: sun shayar da mata madara mai zaƙi sannan suka ba su askirim su ɗanɗana. Waɗanda ba sa takura wa kansu, da suka sha madarar sai suka rage cin askirim ɗin. Masu takura wa kansu kuwa ƙarawa suka yi, wai tunda an riga an karya doka a ƙarasa. Ƙin cin abincin da take yi washegari don hukunta kanta shi ke shirya cin daren gaba.

Lissafin nauyinta: a raba kilo da tsayi sau tsayi. 79 a raba da 2.56 ya ba da 30.9. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, daga 30 an shiga ƙiba. Da tana kilo 66 tana kan 25.8. Amma ki fi damuwa da ƙugu. A sa tef ɗin tela tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, a auna bayan ta saki numfashi, ba tare da ta tsuke ciki ba. Ga mace, daga santimita 80 haɗarin ciwon suga da hawan jini ya fara ƙaruwa, daga 88 ya yi yawa. Ga namiji 94 da 102.

Abin da zan ce ta fara da shi ba rage abinci ba ne. Ta samu ƙaramin littafi, ta yi mako biyu tana rubuta duk abin da ya shiga bakinta: ƙarfe nawa, mene ne, a ina, yunwar ta kai nawa daga 0 zuwa 10, me ya faru kafin nan. Ta rubuta a lokacin, ba sai za ta kwanta ba, domin ƙwaƙwalwa na yi wa mai ita rangwame. Bayan mako biyu za ta ga cewa ba kullum ba ne, ranaku ne sanannu, kuma yawanci bayan abu biyu ko uku ne da ke maimaita kansu.

Hajiya Mai Awo:

Likita ya yi bayanin dalili, bari in shiga lissafin tukunya.

Kilo 13 a shekara biyu kamar abu ne babba, amma ki raba shi ki gani. Kilo ɗaya na kitsen jiki kusan kalori 7,700 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Sau 13 ya kama wajen 100,000. A raba da kwana 730, sai ki samu kusan kalori 140 a rana. Wato kusan lemon kwalba ƙarami ɗaya, ko babban cokali ɗaya na man gyaɗa da ɗoriya kaɗan. A zahiri rarar ta ɗan fi haka, saboda jiki in ya ƙara girma yana ƙara ƙona abinci, amma dai kin ga ba sai mutum ya zama mai haɗama yake ƙiba ba.

Yanzu ki auna cin dare ɗaya. Ƙaramar ledar indomie ta haura kalori 300, biyu sun wuce 600. Ƙwai biyu wajen 150. Babban cokalin mai 120. Robar lemo mai santilita 50 kusan 210, a cikinta akwai suga sama da giram 50, kimanin ƙananan cokula 13. Jimilla ta kusa 1,100, rabin abin da mace irinta ke buƙata a yini har da ƙari, a zama ɗaya. In ta ɗora gyaɗa, giram 100 kaɗai ya haura 550, kuma wanda ke kallon waya ba ya sanin sanda ya ga ƙarshen kwalbar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kalorin da aka ci, wajen cokula 12 a rana, an fi so ma a tsaya a 6. Robar lemo ɗaya ta cinye kason yini.

Gyaran kuwa zai ba ki mamaki: ta ƙara ci da rana. Abinci sau uku, da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani, kada ta bari awa huɗu ta wuce ba ta ci komai ba tana farke. Wannan shi ne matakin farko a irin jinyar da ake yi wa masu cin da ya fi ƙarfinsu, ba dabarar gida ba ce. Misali: ƙarfe 6:30 koko ba suga ko da cokali ɗaya, da ƙosai huɗu ko dafaffen ƙwai biyu. Ƙarfe 10 a makaranta ayaba ɗaya ko gyaɗa cikin tafin hannu, ba kwalba ba. Ƙarfe 1:30 shinkafa da wake, waken ya fi yawa, da ganye. Bayan la'asar kindirmo ko gwanda ko lemon zaƙi. Bayan magariba ko isha'i tuwo malmala ɗaya daidai dunƙulen hannunta, miya mai yawa, mai kaɗan. Wake, ƙwai, kifi, awara da nono su ne ke riƙe ciki. Shayi da burodi kuwa awa biyu sun bar ka. Awarar ma a kula, soyayya tana shan mai, gara a zuba ta a miya.

A makon farko za ta ce ba ta jin yunwa da safe. Ba za ta ji ba, tunda na daren bai gama sauka ba. Ta ci da agogo, ba da jin yunwa ba. Ko ta yi ɓarin daren jiya, da safe ta karya kamar ba abin da ya faru. Wannan ita ce dokar da ake yawan karyawa, kuma da an karya ta an koma gidan jiya.

Sai kayan gida. Katan ɗin indomie a ɗaki da kiret ɗin lemo a firji ba sa zama lafiya da mai wannan hali. Na yara a riƙa sayen na rana ɗaya. Cincin da dublan ɗin biki a rabar da su. Kada ta ci daga tukunya ko leda, ta zuba a faranti, ta zauna, ta ajiye waya. Mai kuma a daina tsiyayawa daga galan, a auna da cokali. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, sai dai wajen man girki ido na cuta.

Kada a sa mata burin komawa jikin 'yan mata. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, wato kilo 4 zuwa 8, ya isa ya taimaka wajen gyara hawan jini da suga. Rabin kilo a mako ya wadatar. A watan farko ma in sikeli ya tsaya cak bai hau ba, an ci nasara. Ta riƙa awo sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe kafin ta ci. Awon kullum ruwan jiki kawai yake nunawa, sai ya tayar mata da hankali, hankali in ya tashi kuma kin san inda za ta nufa.

Malam Sarkin Tambaya:

Ina da ɗan ja da yadda ake ɗora komai a kan ɓacin rai. Tambayoyin da aka fi amfani da su wajen auna wannan hali, waɗanda Tatjana van Strien da abokan aikinta suka fitar a Holan a 1986, guda 33 ne, kuma kashi uku suka raba cin: na motsin rai, na takura kai, da na ganin ido, wato ka ci don ka gani ko ka ji ƙamshi. Mutum shi ke ba da amsa game da kansa. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi aka duba a 2018, ƙarƙashin Catharine Evers ta Jami'ar Utrecht, sai aka ga waɗanda ke kiran kansu masu cin ɓacin rai ba lallai su fi sauran ci ba in an ɓata musu rai a wurin gwaji. Waɗanda suka fi ci su ne masu takura wa kansu. An kuma ga farin ciki ma yana ƙara ci, abin da duk wanda ya taɓa zama gidan biki ko ranar sallah ya sani. Ma'ana, wani lokacin bayan an ci ne ake neman dalili, sai a laƙa wa ɓacin rai. Wannan ya ƙara ƙarfafa maganar Hajiya Mai Awo cewa a fara da cin rana.

Abu na biyu da ba a ambata ba shi ne barci. Macen da ke dafa indomie ƙarfe goma sha ɗaya, ta tashi asuba ta shirya yara uku, awa nawa take samu? A Jami'ar Chikago a 2004 an sa samari 12 sun yi dare biyu suna barcin awa huɗu kacal. Sinadarin leptin mai sanar da ƙoshi ya sauka da kashi 18 cikin 100, girelin mai tayar da yunwa ya hau da kashi 28, kuma marmarinsu ya fi karkata ga kayan zaƙi da gishiri da sitaci. Babba na buƙatar aƙalla awa bakwai. In ta kwanta ƙarfe goma, lokacin da take cin ma ya wuce tana barci.

Na uku, a duba magungunan da take sha kafin a yanke hukunci. Allurar tazarar haihuwa ta wata uku na sa wasu mata ƙiba. Prednisolone da dexamethasone, waɗanda ake saya barkatai don ciwon gaɓoɓi ko asma, suna buɗe ciki su kumbura fuska. Cyproheptadine na cikin abin da ake kira sha ka fashe, yana kuma ɓoye a wasu magungunan ƙara cin abinci na ruwa. Magungunan damuwa da na ƙwaƙwalwa irin su amitriptyline, mirtazapine da olanzapine duk suna ƙara nauyi. Kada ta daina ko ɗaya da kanta, musamman prednisolone da dexamethasone, yanke su lokaci guda bayan an daɗe ana sha na da haɗari. Ta kwashi kwalayen ta kai wa likita. In al'adarta ta rikice ko gashi na fito mata a haɓa, a duba ciwon ƙwan mace da ake kira PCOS. In tana yawan jin sanyi da kasala da bushewar ciki, a gwada tayirod, wato wani ɗan sashe a gaban wuya mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci.

Maman Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Allurar wata uku kam tana yi. Tambaya biyu: ta ce za ta fara azumin Litinin da Alhamis don ta rage, ya kuka gani? Sannan maigidanta kan tsokane ta da maganar teɓa a gaban yara, wai don ta ji haushi ta gyara.

Likitan Unguwa:

Azumi ibada ne, Hajiya, ta yi shi da niyyar ibada in tana so. Amma a matsayin maganin wannan hali, a yanzu bai dace ba, saboda siffarsa ɗaya da abin da ke damunta: wuni ba ci, sannan ci da dare. Ta bari tsarin cin nan ya zauna mata na wata biyu tukuna. In za ta yi, ko in Ramadan ya zo, kada ta bar sahur, kuma ya zama mai wake ko ƙwai ko nono. Ta buɗe baki da dabino uku da ruwa, ta yi sallar magariba, sannan ta zauna cin abinci a faranti ɗaya. Tazarar nan ta minti goma sha biyar zuwa ashirin na ba ciki damar aika saƙon ƙoshi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito na kasa ciki uku, abinci da abin sha da numfashi, ma'auni ne mai kyau a nan. Addini ma bai ce laifi ne a nemi sanyin zuciya a abinci ba: a Buhari da Muslim, Nana A'isha ta ruwaito cewa talbina, kunun sha'ir, tana sanyaya zuciyar mara lafiya tana rage baƙin ciki. Matsalar ita ce abinci ya zama shi kaɗai ne mafita.

Don haka tana buƙatar abin da za ta yi a daidai lokacin da abin ya taso. Marmari kamar hadari yake, yana haɗuwa ya yi ƙarfi sannan ya watse, yawanci cikin ƙasa da rabin awa in ba a biye masa ba. Ta duba agogo ta ce sai bayan minti goma sha biyar. Kada ta ce ba zan ci ba, wannan faɗa ne da za ta sha kashi. A cikin mintocin ta bar kusa da kicin, ta yi alwala, ta kira ki, ko ta rubuta abin da ya ɓata mata rai da sunansa: haushi ne, kaɗaici ne, gajiya ce, ko fargabar kuɗin makaranta. In lokaci ya cika tana so har yanzu, ta dafa ɗaya maimakon biyu, ta ci a zaune, ba lemo. Tafiya da sauri ta minti 30 sau biyar a mako, wato minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, amfaninta ga damuwa da barci ya fi amfaninta ga sikeli. Zagaye tsakar gida ma tafiya ce.

Maganar maigida, a samu wanda yake jin nauyinsa ya yi masa magana a keɓe. Gori ba ya rage ƙiba. Yana ƙara ainihin damuwar da ke kai ta kicin, ya kuma koya mata cin ɓoye, wanda ya fi wuyar magani. Yaran ma suna ji, musamman mata. In yana son taimako, ya daina shigowa da tsire da lemo ƙarfe goma na dare, ya karɓi yaran na rabin awa da yamma ta samu ta taka.

Allurar kuma ta koma asibitin da ake yi mata, ta faɗi kilo nawa ta ƙara tun da ta fara, a duba ko wata hanyar za ta fi dacewa da ita. Kada ta tsallake ranar allura kafin a sauya.

Akwai alamun da in kin gansu an wuce shawarar gida. In tana cin abinci mai yawa fiye da kima cikin awa biyu, tana jin ba za ta iya tsayawa ba, da sauri, a ɓoye, har ciki ya yi mata ciwo, aƙalla sau ɗaya a mako har wata uku, wannan ciwo ne mai zaman kansa da likitocin ƙwaƙwalwa suka sa a kundinsu tun 2013, kuma yana jin magani, galibi ta zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam. In tana sa yatsa ta yi amai bayan ci, ko tana shan maganin gudawa ko shayin rage ƙiba don ta fitar da abin da ta ci, a gaggauta, domin hakan na zubar da sinadarin potasiyam har bugun zuciya ya rikice. Ki kuma yi mata tambaya biyu: a mako biyun nan, ta daina jin daɗin abubuwan da take so a da? Tana jin ranta a jagule ko ta yanke ƙauna yawancin ranaku? In ta ce e, a duba ciwon damuwa. Wani babban nazari na 2010 ya nuna masu ciwon damuwa sun fi sauran haɗarin yin ƙiba da kashi 58 cikin 100, masu ƙiba kuma sun fi haɗarin kamuwa da ciwon damuwa da kashi 55. In ta taɓa furta cewa gara ta mutu ta huta, kada a jira gobe.

Manyan asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da na masana abinci, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri. Ranar da za ta je ta tafi da littafin nan na mako biyu da kwalayen magungunanta, kuma kada ta karya, don a samu a auna sugan jininta na safe tare da hawan jini a zuwa ɗaya.